Sajen da Ke Duba Haƙoran Mata

Daga Allah muke, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ta Yaya Saje ta zo ranar kasuwar Yelwa da hantsi, yana zaune a kan tabarma yana goge takalman aikin da ya daina sawa tun da ya yi ritaya. Ƙafa ɗaya ya gama. Ɗayar da ƙurarta aka same ta.

Na zauna makoki da yawa a rayuwata, don ni mutum ne da ba ya wuce inda ake raba gumba. Amma ban taɓa ganin wanda mutane suka rasa abin cewa kamar wannan ba. Tsofaffin 'yan sanda abokan aikinsa suka zo, suka ce mutumin kirki ne, sai dai ya cika jawo wa ofis wahala. Babban ofisa bai zo ba, ya aiko wani kofur. Kofur ɗin yana cikin yaran da Saje ya koyar, ya zauna a gefen tabarma ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa, har liman ya taɓa shi ya ce ya yi haƙuri. Dillalan kifi suka zo a jere, suka shafa fatiha da sauri. Ɗaya daga cikinsu yana sa takalmi ya ce wa na kusa da shi a hankali, "To, yanzu mutum ya gyara gidanai ba a leƙa bakin matatai ba." Ya ɗauka ban ji ba. Haƙora ne ba ni da su, kunnuwana lafiya lau.

Sai wata mata ta sauko daga ƙauyukan tudu na bayan Ngaski, Kirista, da ƙwaryar dawa a ka. Ba ta san yadda muke gaisuwar mutuwa ba. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin matar marigayi, ta ajiye dawar, ta ɗaga leɓenta na sama da yatsa ta nuna giɓi, ta ce da Hausarta mai nauyi, "Shi ya gani." Matar Saje ba ta gane ba. Ni na gane.

Ni kuwa duk zaman nan idona na kan hanyar bakin ruwa, ina jiran ɗiyar ƙanwata da ke aure a Warra. Ban san ko mijinta zai bar ta ta zo ba.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Bokon da na yi na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban gama ba, malamin ya kore ni saboda wani kwaɗo da aka samu a hularsa. Amma na duba masu ilimin garin nan ban ga wanda zai zauna ya rubuta Saje ba, kuma na san mu. Kafin a yi arba'in an manta.

Shi ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, wato taubasai muke, abokan wasa. Ya girme ni nesa, amma ina da ikon in zage shi a tsakiyar kasuwa yana cikin kaki, kuma na yi amfani da ikon nan har ya gaji. Shi kuma Wawulo yake ce mini, tun da goro da rake da wata faɗuwa daga kan kabu-kabu suka raba haƙorana a tsakaninsu.

Mutum ne mai wuyar zama. Ba ya shan ruwa a gidan da ake da ƙara, ko na mai ƙarar ko na wanda aka kai. In ƙishi ya dame shi ya gwammace ya gangara bakin ruwa ya sha da hannu kamar bagidaje. Ba ya yi wa yaro tambaya a tsaye, sai ya tsuguna har idonsu ya daidaita, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. In mace ta shigo ofis da kumburarriyar fuska, ba ya fara tambayar sunanta. Sai ya kori maza waje, ya kira matar da ke sharar ofis ta tsaya kusa, ya ce, "Ɗiyata, buɗe baki in gani." Da wannan ya yi suna daga Shanga har tsibiran tafki, ba kuma sunan yabo ba.

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, sai aka fara turo kurata, sababbin 'yan sanda, yara da kakinsu bai ma saba da jikinsu ba. Wasu ba su taɓa shiga kwalekwale ba. Babban ofisa ya ga Saje ya kusa ritaya kuma yana damunsa da maganar mata da yara, sai ya jibga masa su, ya ce ya koya musu aiki. Ofis ba wuri, don haka Saje ya kafa makarantarsa a gindin dogon yaron da ke bayan ofis, daidai hanyar da ake bi zuwa bakin ruwa.

Nan na samu aikin gwamnati na farko da na ƙarshe, ba albashi. Saje ya ce karatu daga littafi ba ya shiga kan yaran, sai sun ga maƙaryaci da idonsu, kuma duk Yawuri bai san wanda ya fi ni ba. Ni ne miji. Wani kurtu siriri ake ɗaura wa zane ya zama mata. Sai a turo ɗaya ya zo bincike.

"Salamu alaikum. An ce an ji kuka gidanga."

"Maraba da hukuma," in ji ni, ina shimfiɗa tabarma. "Ranka shi daɗe, wagga rana haka? Ke, kawo ma ofisa ruwa. Kuka kuma? Ai santsin jirgi ya kwashe ta, ta bugu da baki. Kullum ina hana ta zuwa wanki can. Ko ba haka anka yi ba?"

Mai zane ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa.

"To, Allah shi kiyaye gaba," in ji kurtu, ya ɗaga kofi.

Saje ya taso daga kan benci. "Ka sha ruwan?"

"Na sha, Saje."

"Wa ka tambaya?"

"Maigidan."

"Ita fa?"

"Ai ta gyaɗa kai."

"Gaban wa ta gyaɗa?"

Saje ya ce, "Koma ka sake sallama. Kai kuma Wawulo, rage daɗin baki, kada yaran ga su ba ka auren ƙannensu."

Haka muke yi, masu wucewa na tsayawa suna dariya. Mai gyaɗa ta dawo da tallarta wurin. Ni kam na ji daɗin duniya a lokacin, don ban taɓa yin ƙarya ana yaba mini ba sai nan.

Bayan wasan sai ya zaunar da su ya buɗe littafin doka, nan dariya ke ƙarewa. Ga abin da na fahimta da ɗan kaina. Doka ta ce duka laifi ne. Amma ta buɗe wata ƙofa: uba na iya horon ɗansa, malami na iya horon ɗalibi, miji kuma na iya horon matarsa in al'adarsu ta yarda, matuƙar abin bai kai mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuwa an jera shi. Ido ya tsiyaye, kunne ya mutu, ƙashi ya karye, fuska ta lalace har abada, mutum ya yi doguwar jinya, ko haƙori ya fita. In ba a kai nan ba, ɗan sanda sai dai ya ba da haƙuri ya tura su wurin manya.

Saje yakan ce wa kuratan, "Kumburi na sacewa kafin a kai kotu. Karaya sai likita ya shaida, likita kuma yana nesa. Amma giɓi ba shi ɓoyuwa, kuma alƙali na ganinai da idonai. Ku duba baki. Nan kaɗai doka ta bar muna ƙofa."

Ta wannan ƙofar matar Ngaski ta fita. Mijinta ya buge ta da ƙotar fartanya har haƙori ya fita, dangi suka taru suka ce horo ne. Saje ya hau keke ya je har tudun, ya tsuguna yana tona ƙasar tsakar gida da yatsa, mutanen ƙauye na cewa ɗan sanda ya haukace, har ya samo haƙorin. Aka ɗaure mutumin. Wannan ce nasarar da na san ya yi mai tsabta, kuma da ita ya riƙa cika mana kunne.

Abin da bai lura da shi ba, ni ma ban lura ba, shi ne ba kurata kaɗai ke karatun ba. Makaranta a kan hanya take. Dillalan bandar kifi da ke jiran jirgin Warra sukan tsaya a inuwar suna ɓare gyaɗa. A cikinsu akwai mijin ɗiyar ƙanwata, mutum mai fara'a, mai saurin gaisuwa, wanda ya fi kowa dariya in ina wasan miji. Ya fi kuratan zuwa a kan lokaci.

Mun san yana dukanta. Ta yi yaji ba sau ɗaya ba, ana biko, ubanta na mai da ita. Da can takan zo da fashewar leɓe da baƙin ido. Bayan an buɗe makarantar dogon yaro sai fuskarta ta gyaru, har uwarta ta fara godiya ga Allah. Sai wata rana da rani ta sauka daga jirgi tana tafiya kamar tsohuwa, ɗiyarta ƙarama na riƙe da zaninta, ta wuce gidan iyayenta ta nufi ofis. Mai shara ta shiga da ita ɗaki ta duba bayanta da cinyoyinta. Da mai sharar ta fito, ta je bayan ofis ta yi amai.

Aka kira mijin. Ya zo da farar riga, ya rusuna.

"Baba Saje, barka da aiki. Duba bakinta, don Allah. Cikakku ne. Idonta biyu, kunnenta na ji, ƙashi ko ɗaya ban taɓa ba. Da igiyar taru nike yi, kuma daga wuya zuwa sama ban zuwa. Yadda ka karanta muna."

Saje ya rufe mutumin duk da haka. Kafin la'asar babban ofisa ya sa aka buɗe shi, ya ce maganar gida ce, kuma Saje ya fi kowa sanin abin da littafi ya ce.

Za ku ce me ya hana ta zuwa wurin alƙali a raba auren. Ta yi tunanin haka. Amma an gaya mata ko da an bar mata yarinyar yau, gobe dangin uba za su zo su ɗauke ta, kuma wa zai bi su tsibiri ya karɓo? Ta ce ba za ta fita ta bar yarinya ita kaɗai da igiyar taru ba. Abin da take nema shi ne a ɗaure shi, ko na ɗan lokaci, yadda za ta samu bakin magana a gaban alƙali ta fita da ɗiyarta.

A nan muka yi faɗan da ba na wasa ba, ni da Saje, na farko tun da aka haife ni. Muna zaune a zauren gidansa mu uku, har da ɗiyar ƙanwata. Na ce, "Yaya, tunda haƙori doka ke so, a ba ta haƙori. Ina da wanzami a Birnin Yawuri, shi ya cire mini na ƙarshe, hannunai da sauƙi. A cire guda, ta zo ofis da jini, ka rubuta."

Rabin maganar wasa nake. Sai ita ta ɗago kai ta ce, "Kawu, a cire. Wanne ya fi, na sama ko na ƙasa?"

Ba ta yi kuka ba. Kamar mai tambayar kuɗin jirgi.

Saje ya ce, "Ban yi."

Na ce, "Mi za ya rage ka da shi?"

"In na rantse kan ƙarya sau guda, duk matar da ta zo da giɓin gaskiya sai a ce wanzami ne. Ita ke nan ƙofar, Wawulo. In na ɓata ta babu wata."

Na ce masa ƙofar da sai an fasa wa mutum baki yake shiga, ba ƙofa ba ce. Na ce ya fi son littafinsa da jininsa. Na faɗi wasu maganganun da ko taubashi bai kamata ya faɗa ba. Ya ce in fita masa daga gida. Ɗiyar ta tashi ta gyara goyon da ba ta da shi, don hannunta ya saba, ta kama hannun yarinyarta suka bi jirgin yamma.

Damina guda ba mu yi magana ba. Ya ɗauke makarantar daga gindin bishiya ya mai da ita cikin wani ɗaki mai zafi da ake ajiye kayan shaida, ya rufe taga. Aka daina wasan miji. Kuratan suka riƙa gyangyaɗi. Har yau ban san wanda ya yi daidai tsakaninmu ba. Na juya maganar ta kowane gefe, kowane gefe da ciwo.

Abin da ya sake haɗa mu shi ne haƙori, na gaske wannan karon. Wata safiya da kaka ɗiyar ta dawo, ba don kanta ba. Yarinyar ta shiga tsakani lokacin da uban ke aikinsa, ya make ta da bayan hannu, haƙorinta na gaba ya fita. Uwar ta tsince shi ta ƙulle a bakin zane. Saje ya aiko a kira ni, kamar ba abin da ya faru. Na same shi tsugune gaban yarinyar, yana tambayarta a hankali, ita kuma tana rufe baki da hannu, don an gaya mata in ƙadangare ya ga giɓin sabo ba zai fito ba.

Ya zuba haƙorin a kwalin ashana, ya sa hula, ya shiga wurin babban ofisa yana taku kamar saurayi. Ina bakin ƙofa, na ji komai.

"Ranka shi daɗe, ga haƙori. Ɗiya ƙarama, ubanta ya fitar."

Ofisa ya karkata kwalin ya duba. "Shekarunta nawa?"

Saje ya faɗa.

"Saje, ai lokacin famfararta ne. Ko ba a taɓa ta ba faɗuwa zai yi. Lauyan farko da ya tashi zai ce dama yana girgiɗi. Kana so a yi mana dariya a kotu?"

"Littafi bai ce wane irin haƙori ba."

"Littafi bai ce ba, ni na ce. Uba ne da ɗiyarsa. Ka kira manyansu a sasanta."

Aka kira manya aka sasanta. Mijin ya rantse, ya saya wa yarinyar alewa. Da za su shiga jirgi ya juyo ya gaishe mu da hannu biyu.

Saje bai sake ce wa kowa ya buɗe baki ba. Ya ƙarasa watannin da suka rage masa yana zaune a kan benci, ya karɓi takardar ritaya, ya koma gida. Nakan je in tsokane shi, in ce tsohon ɗan sanda ba shi da amfani ko na tsoron kaji. Wani lokaci ya rama, wani lokaci ya manta ina wurin. Sau ɗaya ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, "Na ɗauka yara nike koya ma inda za su kama mutum. Ashe iyaka nike sha ma masu duka." Na ce masa mijin ɗiyar nan ba ya buƙatar malami. Ya ce, "Awo. Amma ya samu."

Ranar sadakar uku matarsa ta fito da tsohon kakinsa za ta ba wani. Tana lalube aljihu ta ji kwalin ashana. Ta miƙo mini ta ce in duba, ko layar aiki ce.

Ina riƙe da shi sai ga ɗiyar ƙanwata ta shigo. An bar ta ta zo, da sharaɗin ta bi jirgin yamma. Ta rame, tana zama da gefe ɗaya. Fuskarta kuwa sumul, ba tabo ko ɗaya. Yarinyar ta yi tsawo. Suka shiga suka gai da matar marigayi, suka fito, ta durƙusa kusa da ni.

"Kawu, ya haƙuri?"

"Da godiya. Ya gidan?"

"Yana nan yadda ka sani."

Na buɗe kwalin na nuna mata. Ta duba, ta kira yarinyar ta ce, "Yi ma Kawu dariya." Yarinyar ta washe baki. Sabon haƙori ya fito, fari, babba, ya cike wurin kamar ba a taɓa yin komai ba.

Na ce, "Ki tahi da shi, naku ne."

"In kai shi ina, Kawu? Wanda za ya duba ya tahi."

Na waiwaya ina neman kofur ɗin nan mai kuka, ko zai karɓa. Aka ce an yi masa canjin wurin aiki, motarsa ta tashi tun da safe.

Na raka su bakin ruwa. Mijin na zaune a kan buhunan banda, ya taso ya yi mini gaisuwa mai kyau, ya ce Baba Saje uba ne ga kowa, ya ƙaru da shi ƙwarai. Ya miƙa hannu ya taimaki matarsa ta shiga jirgi. Na ga yadda ta runtse ido da ya taɓa bayanta. Na tsaya har jirgin ya zama ɗigo a kan tafki.

Allah ya jiƙan Yaya Saje, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya kai shi inda ba a tambayar mace shaida kafin a yarda tana jin ciwo. Mu kuma da muka rage, Allah ya duba mu, don babu mai dubawa.

Kwalin yana nan ƙarƙashin matashina. Duk ɗakin nan haƙori guda ne, shi ma ba nawa ba ne.